Ranar da Jabiru Ya Bar Ƙofar Kanti a Rufe

Akwai wani saurayi a garin Malanville na ƙasar Benin, can bakin kogin Kwara, ana ce masa Jabiru. Ma'aikaci ne a kantin Hajiya Jannatu, babban kanti na atamfa da sabulu da man girki da ke kusa da kasuwa.

Jabiru mutum ne mai mafarki ido biyu. Za ka ga hannunsa na jera sabulu a kanta, amma shi kansa ya yi nisa. Ya riga ya zama shugaban kanti, ya sa fitilu masu haske, ya raba wa kowa aikinsa, har ya ji masu saye suna cewa ba su taɓa shiga wuri mai tsari irin wannan ba. Sai an kira sunansa sau biyu kafin ya dawo.

Ba mafarkin kawai yake yi ba, a yi masa adalci. Ya je Parakou ya yi ɗan kwas na tafiyar da kanti. Ya koyo yadda ake sa tsohon kaya a gaba sabo a baya, da yadda ake sauraron mai saye in ya zo da fushi. Da ya dawo, ko tsintsiya aka jingine a karkace sai ya gyara mata tsayuwa.

Wata rana Hajiya Jannatu ta kira shi. Za ta tafi Kotono neman magani, kuma tafiyar za ta ɗau lokaci.

Ta ce, "Jabiru, ga kanti na bar maka. In na komo na iske shi lahiya, kai na shef, shugaban kantin ga. Abu guda ni ka roƙo: kar rana ta hito ta iske ƙohwag ga ruhe. Tun zamanin babana ba a taɓa yi ba."

Jabiru ya ce, "In sha Allahu, Hajiya." Ranar ko abinci bai iya ci ba don murna.

Mutum biyu ne a ƙarƙashinsa, kuma duk daga Gaya ta Nijar suke ƙetaro gada kowace safiya. Akwai Malam Arziki, dattijo mai ɗaukar kaya, wanda ya girmi Jabiru nesa ba kusa ba. Akwai kuma Balkissa mai yankan atamfa, uwar yara uku, wadda bakinta ba ya hutawa. Tun kafin a ba shi komai take ce masa "Shef", ita da tsokana, shi kuwa har cikin ransa yake jin daɗin sunan.

Ba a daɗe da tafiyar Hajiya ba aka rufe iyaka. Gadar da ke cike da manyan motoci da masu babur ta yi tsit. Mai son ƙetarewa sai ya gangara bakin ruwa ya jira kwalekwale. Malam Arziki da Balkissa, waɗanda a da suke riga kowa zuwa, suka koma isowa da hantsi, wani lokaci ƙafafunsu duk laka.

Zahiru, ƙanen Hajiya mai sayar da taya a gefen kantin, ya leƙo wata safiya ya tarar da Jabiru shi kaɗai, yana shara yana amsa wa masu saye.

Ya ce, "Kai yaro, mi kaka jira? Kowa cikin layin ga ya sallami mutanen ƙetare. Ga samari nan zamne babu aiki. Ka ɗauki biyu, ka huta."

Jabiru ya ce, "Baba Zahiru, ba su sunka ruhe gada ba. In na kore su, mi za su ci?"

"To ka zamna nan. Shef da tsintsiya, ban taɓa gani ba."

Maganar ta yi masa zafi, don a duk mafarkinsa bai taɓa ganin kansa da tsintsiya ba. Amma ya haɗiye. Ya sauya tsarin aiki: shi zai riƙe safiya shi kaɗai, ya buɗe, ya share, ya sauke kwalaye. Su kuma in sun iso su karɓe shi, su tashi da la'asar don su sami jirgi tun da sauran haske.

Kasuwa ta ja baya, domin rabin masu sayen ma daga ƙetare suke. Jabiru kan zauna da yamma yana kallon atamfofi a jere, ya riƙa ganin matan Gaya sun cika kantin suna ɗaga wannan suna ajiye wancan. Sai iska ta kaɗa labule, ya ga ba kowa.

Ana nan, damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya batse. Wata safiyar ranar kasuwa aka tashi da ruwa da iska. Jabiru ya buɗe kanti kamar kullum. Hantsi ya yi, babu Arziki, babu Balkissa. Ya kira wayar Balkissa, ba ta shiga. Can sai wani mai babur ya tsaya a ƙofa yana ba da labari cewa wani jirgi daga Gaya ya ɓace a tsakiyar ruwa, injinsa ya mutu, ruwa ya ja shi.

Jabiru ya dubi ƙofa, ya tuna maganar Hajiya. Ya leƙa wajen Zahiru don ya tsare masa, ya ga ba ya nan. Ba wanda zai bar wa kantin. Ya tsaya riƙe da kwaɗo a hannu, ya san sarai abin da zai rasa in ya datse shi.

Ya datse, ya hau bayan mai babur.

A bakin kogi mutane sun yi cirko-cirko. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ba a ganin ɗaya gaɓar, sai ka ce duniya a nan ta ƙare. Jabiru ya tsaya yana kallo. A karo na farko ya rufe ido bai ga fitilu ko kantoci ba. Yaran Balkissa yake gani, da tsohuwar hular Malam Arziki. Ya yi ta addu'a, hawaye na haɗuwa da ruwan sama a fuskarsa.

Bai san iya tsawon tsayuwarsa ba. Sai wani abu baƙi ya ɓullo daga cikin hazon, can ƙasa da mashiga, yana tafe a hankali. Jirgin ne, ana tuƙa shi da filafili da hannuwa. Jabiru ya ruga, ya faɗa ruwa har ƙugu tare da masunta, suka ja shi gaɓa.

Balkissa ta sauko tana rawar sanyi, amma bakin nan yana nan. "Shef! Wa ka bar ma kanti?"

Jabiru ya kama hannun Malam Arziki ya fito da shi. A bayansu wasu mata biyar suka sauko. Balkissa ta ce maƙwabtanta ne, biki gare su, atamfar anko suke nema, ita ta ce su biyo ta.

Da suka iso layin kanti, Jabiru ya ja ya tsaya. Hajiya Jannatu ce zaune a kan jakarta a bakin rufaffiyar ƙofa, saukarta ke nan daga motar Kotono. Zahiru na tsaye a kanta yana bayani da hannu biyu.

Ta dubi Jabiru daga sama har ƙasa. "Mi nic ce maka ran da zan tahi?"

"Kin ce kar rana ta iske ƙohwa ruhe, Hajiya."

"To mi ya ruhe ta?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce jirginsu ya ɓace. Na kasa zama."

Malam Arziki ya gyara murya ya ce, "Hajiya, tun da anka ruhe gada yaron ga shi ka yin aikinmu na sahe. Bai taɓa ɗaga muna murya ba."

Babbar cikin matan Gaya ta karɓe. "Mu ma don haka munka shigo ruwan ga. Ɗiyanmu duk an koro su daga kantunan nan, Balkissa ɗai ta rage. Munka ce in dai za mu sai anko, sai inda ba a kori namu ba. Kuma akwai wasu tahe bayanmu."

Hajiya ta dubi ƙanenta, ya kau da kai. Ta dubi dattijon da ke ɗigar ruwa, wanda ya yi wa mahaifinta aiki kafin ita. Idonta ya kawo ƙwalla, domin ta san da jirgin bai fito ba, da yanzu wani zance ake yi.

Ta ce, "Jabiru, mai tsare min kaya ba shi da wuyar samu. Wanda zai bar kaya shi tai neman mutanena, shi na daɗe ina biɗa. Daga yau kai na shef. Amma ka koya ma wani riƙon safiya, don kar in sake zama bisa jikka kamar baƙuwa."

Jabiru ya nufi kwaɗo da makulli a hannu. Balkissa ta fizge ta buɗe da kanta, tana cewa, "Matsa, Shef, mutanena sanyi su ka ji."

Darasi: Duk wanda yake burin shugabantar wurin aiki, ya sani cewa ba kaya kaɗai za a damƙa masa ba, har da mutane. Ka yi haƙuri da na ƙasa da kai a ranar da abu ya fi ƙarfinsu, domin alherin da ka yi musu ba ya ɓata. Ku tura wa duk mai riƙe da kanti, da duk matashin da ke shirin riƙewa.