Sukudireba Mai Tsawo da Hannun Injiniya

Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da labarinsa ya tsaya min a rai, har na ga bai kamata in bar shi a cikina ni kaɗai ba. Ku ɗan ba ni hankalinku.

'Yan unguwa suna ce masa Baba Sannu, saboda bai iya gaggawa ba. Shekara talatin yana sana'ar, amma kafin ya taɓa waya sai ya kashe wuta, ya sa testa don ya gwada ko da sauran wuta, ya sake sawa. In ya tsaya gaban akwatin wuta, da hannun dama kaɗai yake aiki, na hagu yana cikin aljihu, don kada wuta ta samu hanyar ratsa jikinsa. A tsohuwar jakarsa akwai sukudireba bakwai, kowace da tsawonta, kowace an lulluɓe ƙarfenta da jan roba tun daga mariƙi har kusa da baki.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya koya wa aikin. Ƙanen nan Allah ya ba shi hannu, wannan ba a musu. Aikin da zai ci wa yayansa wuni, shi kafin azahar ya gama. Mutane suka laƙaba masa Injiniya, shi kuma sunan ya hau masa kai. Mata ɗaya gare shi da 'ya'ya huɗu, kuma duk abin da ke shiga bakinsu daga hannunsa na dama yake fitowa.

Wata rana Injiniya ya sayo sabuwar sukudireba, irin wadda ake ƙara wa tsawo. Ka murɗa wuyanta, ka ja ƙarfen ya fito yadda kake so, ka sake murɗawa ta kulle. Ya zo shagon yayansa yana juya ta a hannu.

"Yaya, dubi inda duniya ta kai. Guda ɗaya, ta yi aikin bakwai ɗinka. Ka huta da ɗaukar jakar nan kamar mai ƙaura."

Baba Sannu ya karɓa, ya ja ƙarfen har ƙarshe, ya shafa shi da yatsa.

"Kayan kirki ce, Auta. A fanka, a bayan injin wanki, duk inda aka cire wuta, za ka ji daɗinta. Amma ka ga ƙarfen nan tsirara yake. Da za a sa masa roba, ba zai shige cikin mariƙin ba. Kada ka kai ta cikin akwatin da ke da wuta. Hannunka nake ji wa tsoro."

Ya buɗe jakarsa, ya zaro mafi tsawo a cikin masu jan roba, ya miƙa masa. "Riƙe wannan, kyauta na ba ka."

Injiniya ya karɓa yana dariya ƙasa-ƙasa. Da ya je gida ya jefa wa matarsa, ya ce ta riƙa ɗaure mariƙin tukunya da ita. Wallahi abin da ya yi ke nan.

Bai tsaya nan ba. Duk majalisar da ya zauna sai ya kwaikwayi yayansa, ya cusa hannu a aljihu, ya turo ciki. "Ga mai gidan haya ya zo duba gidansa!" Ana ta shewa. Maganar tana komawa kunnen Baba Sannu, tana kuma yi masa zafi, domin ɗan'uwansa ne ke yi.

Ana nan, cikin tsananin zafi, mai gidan ƙanƙarar bakin kasuwa ya kira Baba Sannu. Akwatin wutarsa yana wari kamar roba na ƙonewa. Baba Sannu ya duba, ya gane waya ce ta yi sako-sako can ciki, a bayan manyan wayoyi uku.

"Ƙaramin aiki ne, Alhaji. A kashe wuta minti ashirin, in ɗaure ta."

Mai gidan ƙanƙara ya dafe kai. "A kashe? Yanzu aka kawo wutar, ƙanƙara ta fara kamawa, ga masu kura sun yi layi a waje! Ka yi hakanan mana."

"Ba na yi hakanan. Dubi ƙasan nan, duk ruwa ne."

Ran Alhaji ya ɓaci. A gaban Baba Sannu ya ɗauko waya ya kira Injiniya. Ba a jima ba ga shi a kan babur, ba jaka, sai sukudirebarsa a aljihun gaba. Ya ga yayansa, ya yi murmushi.

"Yaya, har yanzu ana nan ana lissafi? Matsa ka ga aiki."

"Auta, don Allah ka bari a kashe."

"Haba Yaya! Tsoro ne ya tsufar da kai, ba shekaru ba. Je ka gida ka huta."

A gaban ma'aikata ya faɗi haka. Ni da ni ne, wallahi na ɗauki jakata na tafi. Baba Sannu ya sunkuyar da kai, ya rataya jakarsa, ya nufi ƙofa. Sai dai bai fita ba. Ya tsaya a jikin bango inda babban makunnin gidan yake, ya ɗora hannunsa a kai, ya zuba wa ƙanensa ido.

Injiniya ya leƙa akwatin, ya ga sukurun da ke riƙe da wayar yana da nisa. Ya murɗa wuyan sukudirebar, ya ja ƙarfen har ƙarshe, kusan kamu guda na ƙarfe tsirara. Ya dafa murfin akwatin da hannun hagu, ya zura ta tsakanin manyan wayoyin. Bakinta ya shiga sukurun daidai. Da ya sa ƙarfi zai murɗa, ta ɗan karkata, jikin ƙarfen ya haɗa bakin waya biyu.

Wani farin haske ya cika ɗakin, da ƙara kamar an fasa taya. Kafin kowa ya ce innalillahi, Baba Sannu ya finciko makunnin ƙasa. Injiniya ya zube cikin ruwa, hannunsa na dama yana hayaƙi.

Likita ya ce da wutar ta ƙara ɗan lokaci kaɗan a jikinsa, da gawa aka kawo. Ransa ya tsira. Amma yatsu biyu sai da aka cire, sauran ukun kuma suka ƙage.

Wata huɗu yana jinya. A watannin nan Baba Sannu ya riƙa yin aikin mutum biyu, yana ciyar da gida biyu. Ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya maka" ba, kuma shirun nan ya fi duka zafi a wajen Injiniya.

Ranar da aka kwance bandeji na ƙarshe, yana zaune a tsakar gida, ya ce wa matarsa, "Sukudirebar nan da Yaya ya ba ni, tana nan?"

Ta ɗauko ta daga cikin cokula, duk ta yi maiƙo. Ya sa hannun dama zai riƙe, yatsun suka ƙi rufewa, ta faɗi ƙasa. Ya sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Babban mutum, uban 'ya'ya huɗu, ya fashe da kuka.

Daidai nan Baba Sannu ya yi sallama. Ya tsaya ya ga abin da ke faruwa. Ya sunkuya ya ɗauki sukudirebar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya damƙa masa a hannun hagu.

"Yaya, ka yafe min. Na mai da kai abin dariya."

"Na yafe tun a gidan ƙanƙara, Auta. Share hawayenka. Na koya wa na dama, zan koya wa na hagu. Gobe da safe ka same ni a shago."

Injiniya ya ɗauki shekara kafin hannun ya saba. Yau yana aiki, yana ciyar da iyalinsa, sai dai saurin nan ya tafi har abada. Kwanaki na gan shi a gaban wani akwatin wuta. Ya kashe, ya sa testa, ya sake sawa. Jan sukudireba tana hannunsa na hagu, na daman kuma yana cikin aljihu, kamar yadda yayansa ke tsayawa. Babu wanda ya yi dariya.

Darasi: Kowane kayan aiki yana da inda aka yi shi dominsa, kuma sauƙinsa ba ya nufin ya dace da ko'ina. Idan wanda ya riga ka a sana'a ya ce ka dakata, ka saurare shi, domin akwai abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba tukuna. Ka tura wannan ga duk ɗan'uwanka da ke taɓa wayar wuta, tun yatsunsa goma suna nan.