Gurasar da Inna Hranush Take Jefawa Rami

A birnin Artashat na ƙasar Armeniya, tun zamanin da ake bautar gunkin Anahit, an yi wata mata mai suna Zaruhi. Ba muguwa ba ce, a'a. Ciwonta dai shi ne idonta ba ya ganin abu ya ƙyale, bakinta kuma ba ya riƙe abin da ido ya gani. In ta ji ƙamshin miya a maƙwabta sai ta gano naman da ke ciki, kafin a sauke tukunya kuwa rabin unguwa sun sani.

Matan unguwarsu tanderu ɗaya gare su, a gidan Goggo Shushan. Can suke haɗuwa, wannan na murza kwaɓi, waccan na manna shi a bangon tanderu. Gurasa kuwa ba abin wasa ba ce a wurinsu. In ta faɗi ƙasa sai a ɗauka, a sumbace ta, a ɗora ta a wuri mai bisa. Wanda ya wurgar da ita da gangan, an ce ya jawo wa unguwa yunwa.

Cikin matan akwai wata tsohuwa, Inna Hranush, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Zaruhi ta lura kullum tsohuwar nan takan gasa gurasa ɗaya mai kauri, ta naɗe a mayafi, da yamma ta nufi tudun bayan gari.

Ran nan Zaruhi ta ce, "Inna, wa ake kai wa wannan? Ko sabon miji kika yi ba mu sani ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Hranush ta ce, "Ke dai duba taki, ga ta can tana ƙonewa."

Abin ya tsaya wa Zaruhi a rai. Washegari ta bi bayanta a hankali har kan tudu, inda ramin nan mai zurfi yake, wanda sarki ke jefa waɗanda ya yanke wa mutuwa. Tsohuwa ta duba hagu, ta duba dama, ta saki gurasar cikin rami. Zaruhi ta dafe ƙirji. Ko tsayawa ba ta yi ba, ta juyo a guje, mayafi na faɗuwa.

Da safe Goggo Shushan ta tare tsohuwa a bakin tanderu. "Hranush, gaskiya ne abin da yarinyar nan ta gani?"

"Gaskiya ne."

"Gurasa? Cikin ramin macizai? Don me?"

"Ba zan iya faɗa ba, Shushan."

"To, in haka ne kwaɓinki ba zai sake taɓa bangon tanderun nan ba. Muna da 'ya'ya, ba za ki jawo mana yunwa ba."

Hranush ta ɗauki akushinta ta fita. Lokacin hunturu ne. Ta koma gasawa a kan dutse a ɗakinta, itace kuwa sai ta je bakin kogi ta tsinto. Can ne santsin ƙanƙara ya kwashe ta, ta karye a kwankwaso, masunta suka ɗauko ta.

Sai da aka kwana shida Zaruhi ta leƙa ta. Kada ku ce tausayi ne ya kai ta. Tambayar nan ce dai ta hana ta sakat.

Tsohuwa na kwance ta ce, "Kin zo duba aikinki?"

"Haba Inna. Ni dai ki gaya mini, don me?"

Hranush ta ce, "Ba ni da kowa sai ke, bakin ganga. Rufe ƙofa. Akwai mutum a ramin nan, da ransa."

"Da ransa? A cikin ramin?"

"Shekara huɗu ke nan. Girigor sunansa, mai bin Almasihu ne. Ya ƙi ajiye furanni a gaban Anahit, sarki ya sa aka jefa shi. Fada sun ɗauka ya mutu. In suka ji yana numfashi, dutse za su sa su toshe ramin."

"Ɗan'uwanki ne?"

"Ko fuskarsa ban taɓa gani ba. Na je tsintar ganye na ji murya a ƙasa tana addu'a. Na ce mai rai ai sai da abinci. In gurasa ta isa, yakan buga dutse sau biyu in ji. Yau kwana shida ba a kai masa komai ba, ga sanyin nan."

Sai a lokacin Zaruhi ta gane. Ashe da ta tsaya kaɗan a bakin rami ran nan, da ta ji da kunnenta. Ta ruga gida, ta ɗauki gurasar da ta ajiye wa mijinta, ta hau tudu. A bakin ramin hannunta ya ƙi buɗewa, don tunda take ba ta taɓa yar da gurasa ba. Ta sumbace ta, ta runtse ido, ta saki.

Ta kara kunne. Shiru. Iska kawai ke kaɗawa. Ta durƙusa kan ƙanƙara tana kuka, tana cewa ta kashe mutum da bakinta. Can sai ta ji ƙwas, a hankali. Aka jima, har ta fid da rai, sannan na biyun ya biyo.

Daga ranar Zaruhi ce ke kai gurasa, ita kuma ke jinyar tsohuwa. Hranush ba ta sake miƙewa ba, kafin ƙanƙara ta narke ta rasu. Mata uku kacal suka zo wankanta, sauran suka ce ba sa taɓa gawar mai wulaƙanta gurasa. Zaruhi tana ji tana gani, ba halin ta wanke sunanta, don wanke shi tona asirin na cikin rami ne. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Shekara tara ta yi da maganar a ciki, ita da ba ta iya riƙe zance na yini guda.

Daga baya sarki ya kamu da ciwo, 'yar'uwarsa ta yi mafarki Girigor ne zai warkar da shi, aka je ramin nemansa. Da aka fito da shi da rai, sarki da mutanen ƙasa suka karɓi addinin Almasihu, sai gari ya ɗauka da tambaya: wa ya ciyar da shi? A bakin tanderu Zaruhi ta ce, "Inna Hranush ce."

Goggo Shushan, wadda tsufa ya riga ya tanƙwara, ta saki kwaɓin da ke hannunta. "Wadda muka kora?"

Zaruhi ta ce, "Wadda na sa kuka kora."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son sanin abu ba laifi ba ne, laifin shi ne ka ga rabi ka ruga ka baza shi kamar ka ga duka. In ka ga mutumin kirki yana abin da bai yi maka kama da kirki ba, tsaya ka ƙara saurare kafin ka kai ƙararsa. Gaskiya takan fito daga baya, amma sau da yawa wanda ka ɓata ba ya nan balle ka roƙe shi gafara.