Hancin Hakimi Jatau

Hakimi Jatau mai karkataccen hanci ya kira Tasalla maginiyar tukwane. "Ki gina kaina da yumɓu, ni sak, kuma babu aibi. In kika kuskure, ki bar garina."

Kwana uku tana kallonsa tana murza yumɓu. Ta kawo aikin fada a lulluɓe, ta tambayi fadawa, "Iyayena, fuskar maigidanmu tana da aibi?"

"Haba! Ko ɗaya!"

Ta yaye zanen, sai ga hanci kamar lauje. "To, wanda ya ga aibi ya nuna, mu gwada da na ainihi."

Fadawa suka sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ko in miƙe hancin?"

"Me ya sami hancin?" in ji Hakimi, yana jan rawani yana rufe nasa.