Bushiya da Kaza Mai Tonon Dankali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Bushiya ce ta shuka dankali a bayan ɗakinta. Yana tsirowa, maƙwabciyarta Kaza ta sa shi gaba da tono.

Bushiya ta ce, "Yaya Kaza, da yunwa za ki bar ni bana?"

Kaza ta ce, "Ƙanwata, ƙafar nan ba ta jin magana."

Sai Bushiya ta riƙa barbaɗa tsaki tsakanin kunya da kunya. Kaza na tono, tana watsa ƙasa a gindin dankali, har ta rufe shi ruf. Ranar haƙa, kowane dankali ya kai girman Bushiya.

Kaza ta zo ba da haƙuri, Bushiya ta cika mata kwando, ta ce, "Ladan ƙafarki ne, Yaya. Baɗi ma ina gayyatar ta."

Ƙurunƙus kan ɓera. Ba don dankali ya dahu ba, da na ƙara muku.