Mai Walda da Baƙin Gilashi

Sunan garin ya kuɓuce mini, sunan mutumin ma haka. Tsufa ke nan. Amma abin da ya same shi yana nan a raina.

Akwai wani mutum mai walda, gwanin gyaran garmar shanu. Yana da abin kare fuska mai baƙin gilashi, amma a ƙusa yake rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. In zai haɗa ƙarfe, sai ya saita hannu, ya rufe ido, ya kau da kai. Matarsa Rifkatu takan ce, "Maigida, abin nan ado ka saya wa bango?"

Shi kuwa ya ce, "In na sa shi ko hannuna ba na gani. Da duhu zan yi aiki?"

Wata shekara, gab da damina, manoma suka tara masa garmuna. Don sauri, ya yini yana satar kallon wutar waldar. Bai ji komai ba. Washegari idanunsa suka ƙi buɗuwa, kamar an cika su da yashi, hawaye na zuba. Rifkatu ta riƙe hannunsa har asibiti, yana tambaya a hanya, "Rifkatu, na makance ke nan?"

"Kai dai taka a hankali, ga kwata."

Aka sa masa magani. Kwana biyu ne ko uku, na manta, idanun suka buɗe.

Da ya koma aiki, ya kakkaɓe abin nan ya rufe fuskarsa. Duhu ƙirin. Ya taɓa ƙarfen, wuta ta tashi. Sai ga ƙarfe yana narkewa yana gudu kamar man shanu a kasko, ɓangare biyu suna zama ɗaya a gaban idonsa. Ya daɗe tsaye. Sa'an nan ya ce, "Rifkatu, ashe shekara ashirin ban taɓa ganin aikina ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: wutar nan ɗaukakar Allah ce, wadda idon ɗan adam ba ya iya ɗauka. Waɗansunmu suna kau da kai daga gare ta. Waɗansu suna tunkararta da ganganci, don ba su ji ciwo nan take ba. Yesu Almasihu shi ne kariyarmu. Mai shiga cikinsa yakan ga kamar ya rasa duniya duka, alhali nan ne zai fara gani. Ku kuma masu walda, ku sauke naku daga ƙusa, idanunku kyautar Allah ne.

Daga baya na je wurin wani mai walda, na roƙa ya ɗora mini abin a fuska. Gaskiya ne. Ban ga komai ba sai da wutar ta tashi.