Ruwan da Ya Ƙi Hawa Bututun Farfesa

Akwai wata ɗaliba, jama'a, mai kaifin ƙwaƙwalwa har 'yan ajinsu na kiranta Farfesa. Matsalarta ɗaya ce: ba a gaya mata ta ji.

Ranar gwaji a ɗakin kimiyya, mutum ɗaya tak za a zaɓa ya wakilci makaranta a gasa, ita kuwa ta gama sa rai. Aikin ba wuya: ka tsoma siririn bututun gilashi a ruwa mai launin shuɗi, ruwan ya hau da kansa, ka auna inda ya tsaya, ka rubuta a takarda.

Dattijon da ke kula da kayan ɗakin ya bi tebur-tebur yana cewa, "'Ya'yana, a wanke bututu sau uku, kuma kada yatsa ya taɓa bakinsa."

Farfesa ta taɓe baki. "Baba, lissafin nan a kaina yake. Wanke-wanke ai naku ne."

Hannunta sharkaf da man shafawa ta kama bakin bututun, ta tsoma. Ƙawarta, wadda ake kira Sanyi saboda sanyin jikinta, tana can bakin famfo tana ɗauraya, ana yi mata dariya.

Can sai ihu ya tashi! Sanyi ce ke tsalle. "Ya hau! Baba, zo ka gani, wallahi ya hau!"

Aka yi caa a teburinta. Ga shuɗin ruwa ya miƙe sama cikin gilashi, gwanin sha'awa.

Na Farfesa kuwa ya ɗan motsa ya tsaya cak, domin ruwa ba ya kama gilashi mai maiƙo. Ta girgiza, ta hura, ta harare shi. Ko gezau.

Saura minti uku a tashi, ta ce, "Baba, don Allah ka taimake ni."

Dattijo bai ce mata "ai na gaya miki" ba. Ya miƙo sabulu da wani bututun. "Fara da hannunki, 'yata."

Ta wanke, ta tsoma, ruwa ya hau! Ta fi kowa ihu. Ta ɗauki biro ke nan sai malamin da ke lura da gwajin ya ce, "Lokaci ya cika."

Takardarta fara fat. Sanyi aka zaɓa.

Darasi: Sanin littafi ba ya hana ka sauraron wanda ya daɗe da aikin a hannunsa. Girman kai kan sa a gane gaskiya bayan an karɓe takarda. Ku tura wa ɗaliban gidanku su karanta.