Mashi Uku a Bakin Rami

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Zaki zai yaƙi dangin Beguwa saboda rijiya, sai ya aiki Kura ta ƙirgo makamansu.

Ta dawo ta ce, "Ranka ya daɗe, mashi uku na gani a bakin raminsu. Dakaru uku ke nan!"

Dila ya ce, "Haba Kura! Kin ga dakarun su kansu?"

"Ina ruwana? Makamai aka ce in ƙirgo."

Zaki ya tafi da dakaru biyar. Beguwa arba'in suka fito, kowacce da mashi ɗari a gadon bayanta.

Bayan sun sha kashi, Kura na cire wa Zaki ƙayar Beguwa a hanci, ya daka mata tsawa: "To, ukun nan na waye?"

"Ashe waɗanda suka zube ne, ranka ya daɗe."

Ƙurunƙus kan Kura gwanar ƙirge!